Daidaita Ma'aunin Tantancewa da Bugun Ƙa'ida: Darasi ga Rubutun Hausa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wata dabara ta masana kwamfuta, da nuna amfaninta ga masu tace rubutun Hausa. Dabarar kuwa ita ce, kada a auna rubutu sai da ƙa'idar da aka gina shi a kanta.

2.0 Asalin Dabarar

JSON Schema tsari ne da ake fayyace siffar bayanai da shi, kuma an sha sabunta shi. Misali, bugun 2019-09 ya shigo da siffar “uuid” da ta “duration”, waɗanda bugu na 7 bai san da su ba. Kowane kundin tsari yakan ambaci bugunsa a ƙarƙashin kalmar “$schema”. Manhajar jsonschema ta Python takan karanta wannan ambato, sannan ta zaɓo ma'aunin da ya dace. In aka haɗa wani bugu da ma'aunin wani, to, ko dai a ƙi sahihin bayani, ko a wuce da gurɓatacce.

3.0 Ƙa'idojin Rubutun Hausa

Shi ma rubutun boko ba bugu ɗaya gare shi ba. Hanns Vischer ya fitar da ƙa'idojinsa a 1912, haruffa masu lanƙwasa (ɓ, ɗ, ƙ) kuwa sai a shekarun 1930 suka kankama. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka yi taron Bamako a 1966, da na Yamai a 1980 don daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Duk da haka bambanci bai ƙare ba: Nijeriya na rubuta “'ya'ya”, Nijar kuma “ƴaƴa”. Saboda haka, manhajar da ta san ƙa'idar Nijeriya kaɗai za ta ɗauki rubutun Maraɗi a matsayin kuskure, ta kuma “gyara” tsofaffin matani har su rasa shaidar zamaninsu.

Lamarin ya fi fitowa fili a gari irin Jalingo, inda Hausa ke zama kafaɗa da kafaɗa da Fulfulde da Mumuye. Fulfulde na ninka wasali don nuna tsawo, kamar a “pulaaku”, alhali daidaitacciyar Hausa ba ta yin haka. Ma'aunin Hausa zai soke wannan kalma ba bisa haƙƙi ba.

4.0 Kammalawa

Ya kamata kowane matani da za a adana a kwamfuta ya ɗauki shaidar harshensa da ƙasarsa. Alamomin ha-NG da ha-NE, da ha-Arab na ajami, sun riga sun samu. Abin da ya rage ga masana shi ne su ƙara shekarar ƙa'ida, domin na'ura ta san wace doka za ta yi hukunci da ita kafin ta taɓa harafi ko ɗaya.