Musayar Hotunan Ƙwaƙwalwa Tsakanin Masu Bincike, da Abin da Ta Ƙunsa ga Ƙasar Zamfara

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu yi bayanin wata al'ada da ta sami gindin zama a tsakanin masanan ƙwaƙwalwa, watau tara hotunan da suka ɗauka a rumbu guda inda kowane mai bincike zai iya ɗiba kyauta, sa'an nan mu duba abin da ta ƙunsa ga mutumin Janbako, ko na Bakura, ko na Maradun.

Za mu fara da abin da ya auku kusa da gida. A shekarar 2010, a ƙasashen Anka da Bukkuyum, ba nisa da Talata Mafara, likitocin ƙungiyar MSF suka tarar da yara suna ta mutuwa da jijjiga. Bincike ya nuna gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, ƙurar tana shiga abinci da hannuwan yara. Aƙalla yara 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Bagega. Dubbai sun tsira, yau kuwa sun zama samari da 'yan mata. To, wane tabo dalma ta bar musu a ka?

Amsar da ake yawan kawowa daga birnin Cincinnati na Amurka ta fito. A can, a wani bincike da aka buga a 2008, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 157 waɗanda suka sha dalma tun suna ƙanana, da na'urar maganaɗisu wadda likitoci ke kira MRI, aka ga sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai kula da shawara da kamun kai, ya ragu, musamman ga maza. Amma fa dalmar da aka auna a jinin yaran Zamfara ta ninka ta waɗancan ƙwarai da gaske. Saboda haka lalle ne a sami hotunan namu.

A nan ne musayar take da amfani. Ƙidayar da aka buga a 2018 ta sami na'urorin MRI 58 kacal a duk Nijeriya, galibinsu a manyan birane. Ɗan abin da asibiti guda zai tara, a Sakkwato ko Zariya ko Kano, ba ya isa a yanke hukunci da shi. Hasali ma, wani nazari da mujallar Nature ta buga a 2022 ya nuna cewa danganta siffar ƙwaƙwalwa da halin mutum yana bukatar dubban mutane, alhali yawancin binciken da aka saba yi bai wuce na mutum 25 ba. Wannan ne ya sa aka kafa rumbuna irin su OpenNeuro, aka kuma fito da tsarin BIDS a 2016 domin kowa ya jera hotunansa da sunaye iri ɗaya. A Ingila, UK Biobank ya kammala ɗaukar hoton mutum 100,000 a 2025. Idan aka ɗora wannan a kan mutum 88 da ke cikin wani tarin hotunan 'yan Nijeriya da aka saki ga masu bincike, sai a ga yadda aka bar mu a baya. Na'ura mai ƙwaƙwalwa da aka koya wa gane cuta da hotunan Turawa zalla, ba mamaki ta yi kuskure idan ta gamu da namu.

Duk da haka, ba mu ga dalilin yin gaggawa ido rufe ba. Hoton ƙwaƙwalwa yana ɗauke da siffar fuskar mai shi. A 2019 masu bincike a asibitin Mayo suka sake gina fuskoki daga irin waɗannan hotuna, na'ura ta gane mutum 70 daga cikin 84. Shi ya sa ake share fuska kafin a saki hoto. Amma a ƙaramin gari, shekarun yaro da sunan ƙauyensu da irin ciwonsa sun isa a san ɗan gidan wane ne, mun kuwa san yadda zancen taɓin ƙwaƙwalwa yake hana yarinya aure.

Har ila yau akwai batun yarda. Mutanen Arewa ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara kamar 200 a Kano a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, wanda aka yi ta shari'a a kansa bisa zargin ba a nemi izinin iyaye yadda ya kamata ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin abubuwan da ake tsananta tsaronsu, sai dai doka ba ta fassara wa uba abin da ya dangwala wa yatsa. A ganinmu, wajibi ne a rubuta takardar yarda da Hausa, boko da ajami, a karanta masa a gaban shaida, a gaya masa ƙarara cewa hoton ɗansa zai kai ga mutanen da ba zai taɓa gani ba, kuma in ya fita, mayar da shi yana da wuya. Sa'an nan a ajiye kwafi a jami'o'inmu na Sakkwato da Gusau, domin ɗalibin da ba shi da kuɗin sauko da manyan hotuna ta intanet ya same su a ɗakin karatu.