Korona da 'yan fim: Ina tallafin masu ƙaramin jari ya maƙale?

IDAN ana zancen yadda cutar korona ta girgiza masana'antar finafinan Hausa a shekarar 2020, yawanci labarin manyan jarumai ake bayarwa: wane ya zauna a gida, wance ta raba buhunan shinkafa a unguwarsu. To amma mai karatu, ka taɓa tunanin yaron nan da kake kai wa memori ya tura maka fim? Ko mai gidan kallon unguwarku? Ko matar da ke dafa wa 'yan fim abinci a lokeshin? Waɗannan su ne ƙasan industiri, kuma su ne dokar kulle ta fara kayarwa.

An samu mutum na farko mai ɗauke da cutar a Kano a ranar 11 ga Afrilu, 2020. Kwana biyar bayan haka gwamnatin Dakta Abdullahi Umar Ganduje ta rufe gari, sannan a ranar 27 ga watan Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da kulle na mako biyu. Ga azumi ya kama. Duk ɗan fim ya san abin da wannan ke nufi, domin kasuwar Sallah ita ce kakar 'yan fim, da ita ake biyan bashin da aka ci a shekara. A wannan shekarar ba hawan Sallah, ba gala, ba sinima. Ofisoshin Zoo Road shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Sai a farkon watan Yuli aka janye dokar.

Furodusa mai ƙarfi zai iya lallaɓawa wata uku da abin da ya tara. Mai tura fim kuwa jarinsa duka kwamfuta ce ɗaya, da benci, da ɗan janareto. Ranar da bai buɗe ba, ranar ba cefane.

To, an ce akwai tallafi. Gaskiya ne, akwai. Tun a watan Maris na 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ware naira biliyan 50 ta hannun bankin NIRSAL. Sai dai fa wannan rance ne, ba kyauta ba, duk da cewa jama'a da dama sun ɗauke shi a matsayin "kuɗin korona", sai daga baya da aka fara zare kuɗi daga asusunsu ido ya raina fata. Kyautar ta gaske ita ce wadda Gwamnatin Tarayya ta buɗe a watan Satumba, asusun ceto ƙananan sana'o'i na naira biliyan 75, wanda Ƙaramar Ministar Masana'antu ta lokacin, Ambasada Mariam Katagum, ta jagoranci kwamitinsa. A ciki akwai biyan albashin ma'aikatan ƙananan kamfanoni, naira 30,000 zuwa 50,000 a wata har wata uku. Akwai naira 30,000 sau ɗaya ga masu sana'ar hannu da direbobi. Akwai kuma rajistar sunan kasuwanci kyauta ga mutum 250,000.

A takarda abin gwanin sha'awa. Amma tsaya ka ji sharuɗɗan. Kafin a biya wa yaranka albashi sai kamfaninka yana da rajista da hukumar CAC, kana da lambar BVN, kana da ma'aikata na dindindin da za ka nuna sunayensu da asusun bankinsu, sannan ka cike fom a intanet. Yanzu don Allah wane mai gidan kallo ne yake da takardar albashi? Shi kansa aikin fim ba na albashi ba ne. Mai riƙe fitila, mai kwalliya, mai kwantiniti, direban motar lokeshin, kowa ana sallamarsa ne idan an tashi daga aiki, wani lokacin ma sai a ce masa ya yi haƙuri sai fim ya fita. Ka ga ke nan an ɗinka riga, amma ba a gwada ta a jikin masu ita ba. Wanda ya fi kowa buƙata shi ne ba shi da takardar da zai nuna.

Ministan Yaɗa Labarai na lokacin, Alhaji Lai Mohammed, ya kafa kwamiti a ƙarƙashin ɗan barkwancin nan na Legas, Ali Baba, don duba halin da masu sana'ar nishaɗi suka shiga. Kwamiti ya zauna, ya miƙa rahoto. Amma daga Abuja zuwa bencin mai turi a Kurna ko Rijiyar Lemo tafiya ce mai nisa.

A nan ne maganar ƙananan hukumomi ta shigo. A Ingila, a wannan shekarar ta 2020, gwamnatin ƙasa ce ta fitar da kuɗin, amma ƙananan hukumomi ta damƙa wa rabon. Kowane ƙaramin shago da ya cancanta ya samu fam 10,000, kuma kyauta. Yaya suka gane masu shagunan? Da littafin harajin da dama yake hannunsu. Da aka lura cewa masu kasa kaya a kasuwa da irinsu ba su cikin littafin, sai aka ƙara wani kason a watan Mayu, aka bar wa kowace hukuma ta duba nata mutanen ta yanke hukunci. Ba a ce babu kurakurai ba, an yi asarar kuɗi masu yawa ta hanyar 'yan damfara. Amma dai kuɗin ya bi ta hannun wanda ya san ƙofar shagon.

Nijeriya kuwa ƙananan hukumomi 774 gare ta, 44 a Jihar Kano kaɗai. Mai karɓar harajin ƙaramar hukuma ya san kowane shago a layi, ya san gidan kallon da ke bayan masallaci, domin ba ya ɓata idan lokacin yankar rasit ya yi. Haka ita ma Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda ke aiki tun 2001, tana yi wa masu harkar rajista. Wato sunayen suna nan, ba nema za a yi ba. Abin da babu shi ne kuɗin, domin kason ƙananan hukumomi a asusun haɗin gwiwa da jiha yake sauka, ciyaman kuwa sai abin da aka sakar masa. Sai a ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, shekara huɗu bayan kulle.

Wani abin kuma, korona ta sauya kasuwar kanta. A 2020 ɗin ne Lawan Ahmad ya fara sakin 'Izzar So' a YouTube, Aminu Saira kuma ya kawo 'Labarina' a tashar Arewa24. Masu kallo da ke zaune a gida suka saba da fim mai dogon zango, furodusoshi suka ga cewa ana iya samun kuɗi ba tare da faifai ko sinima ba, kowa ya buɗe tasharsa. Manya sun sami mafita. Mai sayar da faifai, wanda dama kasuwarsa ta daɗe da jin jiki, ko da an ba shi naira 30,000 ɗin nan, da ya buɗe shago a watan Yuli zai tarar kwastomominsa sun koma sayen data.