Ilmin Duwatsu da Yadda A Ke Koyar da Shi

A cikin fannonin da a ke karantarwa a jami'a akwai wanda Turawa ke kira jiyoloji, watau ilmin duwatsu da ma'adinai da tarihin ƙasa. Da yawa daga cikinmu su kan zaci ba ruwan malamin ƙaramar makaranta da shi. To, bari mu duba yadda a ke koyar da shi, mu ga ko haka ne.

Abin da a ke fara nuna wa ɗalibi shi ne ma'adinai, gama su ne ke haɗuwa su zama dutse. A kan ba shi gutsure a hannu, ya dubi launinsa da ƙyallinsa, sa'an nan ya gwada taurinsa. A 1812 wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya jera ma'adinai goma bisa ga tauri, lu'ulu'u ne na goma. Mai tauri ya kan karce wanda bai kai shi ba. Saboda haka da farce da wuƙa kaɗai mutum ya iya rarrabe ma'adinai da dama.

Daga nan sai duwatsu, su kuwa iri uku ne. Na farko waɗanda suka narke don zafin cikin ƙasa suka daskare, kamar manyan duwatsun Jos, waɗanda kuza ke fita daga jikinsu. Na biyu waɗanda yashi da laka da ɓawon halittun ruwa suka kwanta bisa juna, suka taurare. Na uku waɗanda zafi da matsi suka sāke musu kama.

Sai tarihin ƙasa, wanda ya fi sauran ban mamaki. Ka'idarsa mai sauƙi ce: idan duwatsu suka kwanta hawa hawa, ba abin da ya birkice su, na ƙasa ya girmi na bisa, kamar jerin tubali a jikin bango. Wani Bature, William Smith, ya lura kowane hawa yana da irin ragowar halittun da ke cikinsa, da haka ya zana taswirar duwatsun Ingila a 1815. Yau masana sun auna shekarun duniya, sun tarar wajen miliyan 4,500 ne. A ƙasar Sakkwato an tono ƙasusuwan dabbobin teku, har aka sa wa wata suna daga garin Goronyo. Ashe wurin da a ke noman gero yanzu, dā can teku ne. Farin dutsen Kalambaina da a ke yin siminti da shi, a ƙarƙashin wannan teku ya kwanta.

Duk da littattafai da madubin ƙara girma, malamin jami'a ba ya yarda ɗalibinsa ya san kome sai ya fita da shi daji da guduma da taswira, gama gani ya kori ji. A nan ne mu ma mu ke da rabo. Kusan kowane gari akwai fā, ko marmara, ko rijiyar da a ke haƙa. Maƙeran dā sun san tama tun ba su ga littafi ba, masu haƙar rijiya kuma sun san inda yumɓu ke ƙarewa yashi ya soma. Mu kai yara su tambaye su, su tsinto duwatsu, su rubuta inda aka sami kowanne.

'Yan'uwana, an gano kwal a Udi a 1909, aka kafa ma'aikatar binciken duwatsu ta Nijeriya a 1919, baƙi ne kuwa suka yi aikin. Idan yaranmu suka tashi suna taka arzikinsu ba su san shi ba, wani ne zai faɗa musu kuɗinsa. Wanda zai karanta wannan ilmi a jami'a, a ajinmu zai fara ɗaukar dutse ya duba. Allah ya sa mu dace.