Makomar Tsohon Faifai Idan An Sayi Sabuwar Kwamfuta

Tun daga ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025, lokacin da wa'adin da kamfanin Microsoft ya ɗiba wa manhajarsa ta Windows 10 ya cika, jama'a da yawa suka shiga tunanin sayen sabuwar kwamfuta, domin kuwa Windows 11 ba ta karɓar da yawa daga cikin tsofaffin injunan. To, amma ko an sayi sabuwa, akwai abu guda da yake saura a cikin tsohuwar wanda sau da yawa ya fi ta daraja, wato faifan ajiya, wanda masu gyara suke kira had-dis. A cikinsa ne hotunan iyali, da lissafin ciniki, da takardun makaranta na shekara da shekaru suke kwance.

Ana iya cire wannan faifai a ci gaba da amfani da shi, sai dai abin yana da ƙa'ida. Da farko a duba bakin mahaɗinsa. Faifan da aka ƙera a da can suna da baki mai allurai kamar 40, ana jona su da wata faffaɗar waya, su ake kira IDE. Daga shekarar 2003 ne aka soma komawa ga wani ƙaramin baki mai suna SATA. Babbar kwamfuta ta tebur takan kasance da gurbin faifai na biyu, amma yawancin sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka ba su da shi sam. Maganin wannan shi ne a sayi ɗan akwatin da ake zura faifan a ciki a jona ta kafar USB. Ƙaramin faifai mai inci 2.5 yana shan wuta daga kafar, babba kuwa mai inci 3.5 sai an ba shi tasa wutar dabam.

Inda mutane suka fi yin tuntuɓe shi ne wajen son tayar da sabuwar kwamfuta da tsohon faifan, don su tarar da komai yadda suka bar shi. Wani lokaci takan tashi, wani lokaci ta ƙi, saboda manhajar da ke kan faifan ta saba da kayan cikin tsohon injin, lasisinta kuma galibi a ɗaure yake da shi. Ko ta tashi ma an yi asara, gama sabuwar kwamfuta tana zuwa da ma'ajiya irin ta SSD wadda ta fi tsohon faifai sauri nesa ba kusa ba. Abin da ya fi shi ne a bar sabuwar ta tashi da nata, a mai da tsohon na biyu, a kwashe takardu da hotuna, manhajojin aiki kuwa a sake ɗora su. Wanda aka kulle faifansa da BitLocker lalle ne ya nemo mabuɗinsa mai lambobi 48 tun kafin ya kwance tsohon injin, in ba haka ba zai ga faifan da idonsa amma ba shi da hanyar shiga.

Kwafe bayanan shi ne aikin farko, ba a jinkirta shi. Faifan da ke ciki yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, ɗan kan da ke karanta shi kuma yana shawagi a bisansa ba tare da taɓawa ba, saboda haka tsufa, ko faɗuwa, ko ɗaukewar wuta ana cikin aiki suna iya yi masa lahani. Idan aka ji yana ƙas-ƙas, a kashe shi nan take a kai wa masana.

Sai kuma maganar wanda ya ga ba ya bukatar faifan, ya sayar ko ya ba da kyauta. A nan ne haɗarin ya fi girma. Goge takarda a kwamfuta bai wuce a cire sunanta daga jerin abubuwan da ke cikin littafi ba, alhali shafukan suna nan har sai an rubuta wani abu a kansu. A shekarar 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT ta Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan tsofaffin faifai 158 da suka saya. Guda 129 suna aiki, amma 12 kaɗai aka goge yadda ya kamata, har suka tsinci lambobin katin banki fiye da 5,000.

Abin bai tsaya a can ba, domin da yawa daga cikin irin waɗannan kaya Afirka ta Yamma ake jibgo su da sunan kayan gwanjo. A shekarar 2006 gidan talabijin na BBC ya ba da labarin cewa ana sayar da bayanan bankin mutanen Ingila a Ikko a kan kuɗin da bai kai fam 20 ba, an kuwa zaƙulo su ne daga tsofaffin faifai. A shekarar 2009 kuma wasu ɗaliban aikin jarida daga Kanada suka sayi faifai a garin Tema na ƙasar Gana a kan dala 40, suka iske takardun kwangilar tsaro na kamfanin Northrop Grumman a ciki. Idan haka ta faru da manyan kamfanoni, ina ga ɗan kasuwar da ya miƙa tsohuwar kwamfutarsa a Computer Village ta Ikeja aka ciko masa da sabuwa, da lambobin asusunsa a ciki?

Gajeren gogewar nan da ake gamawa cikin daƙiƙu kaɗan ba ta isa. Wanda zai rabu da faifai sai ya zaɓi cikakkiyar gogewa, wadda take bin faifan daga farko har ƙarshe tana rubuta sifiri a kan komai, ko da za ta ɗauki sa'o'i. Faifan da ya mutu kuwa ba ya goguwa ta wannan hanya, alhali gwanaye suna iya karanta shi, don haka sai a huda shi da abin huda ƙarfe a wurare uku ko huɗu kafin a ba 'yan gwangwan.