Daren Da Diana Ross Ta Tsaya Gaban Makaɗan Biyana

A makon Kirsimeti na shekarar 1992 aka yi wani taron waƙa a gidan majalisar birnin Biyana, babban birnin ƙasar Ostiriya, aka kuma ɗauke shi don nunawa a talabijin a ƙasashe da dama. Gidan tsohon gini ne wanda aka gama a 1883, babban zaurensa kuwa ya kai mita 71 a tsawo. Makaɗan da suka yi aikin su ne ƙungiyar simfoni ta birnin, wadda aka kafa tun 1900, kuma wani Ba'amurke mai suna Eugene Kohn ne ya riƙe musu sandar jagora. A bayansu akwai ayarin yara 'yan amshi daga wani gari da ke kusa da Biyana. A gabansu kuma mawaƙa uku ne: Placido Domingo da Jose Carreras, dukansu mutanen Sifen, sa'an nan Diana Ross, baƙar fata daga birnin Detroit na Amurka.

Mazan biyu a gida suke. Tun suna samari aikinsu ke nan, watau opera, wasan kwaikwayon nan na Turawa da ake yinsa da waƙa daga farko har ƙarshe. Dukansu suna da muryar da ake kira teno, muryar namiji mai tashi sama. Ita kuwa Diana Ross ta yi suna ne da waƙoƙin rawa da na soyayya waɗanda ba su wuce minti uku ba, irin waɗanda samari ke ji a rediyon mota. Muryarta siririya ce, mai laushi, kuma da makirufo a hannu ta gina dukan sunanta. Abin da ke gabanta a wannan dare shi ne ta tsaya tsakanin mutum biyu waɗanda ko ba na'ura suna iya cika zaure da murya, a garin da Mozart da Beethoven da Schubert suka zauna suka mutu, ta yi waƙa ba tare da an ji ta kamar baƙuwar da aka gayyato don ado ba.

Murya iri biyu

Domin a gane nauyin wannan al'amari sai an san yadda ƙungiyar simfoni take. Cikakkiyar ƙungiya takan ƙunshi makaɗa 80 zuwa 100. Fiye da rabinsu masu goge ne irin na Turawa, daga ƙarami wanda ake ɗorawa a kafaɗa har zuwa babba wanda ya kai tsawon mutum. Bayan su sai masu sarewa da danginta, sai masu begila da sauran kayan busa na tagulla, sai masu manyan ganguna. In duk suka tashi gaba ɗaya, mutumin da ke tsaye a gabansu ko ihu ya yi ba za a ji shi ba.

To, yaya mawaƙin opera yake yi har a ji shi? Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Johan Sundberg, ya binciki wannan a shekarun 1970. Ya gano cewa horon da ake ba su, na saukar da maƙogwaro da buɗe ƙofar maƙoshi, yana sa muryarsu ta sami wani kaifi a wajen girgiza 3,000 cikin daƙiƙa, wurin da sautin makaɗan ya riga ya fara rauni. Ta wannan 'yar kafa muryar ke ratsawa ta isa kujerar ƙarshe. Shekaru ake yi ana koyon wannan, kuma akwai abin da ake bayarwa a madadinsa: kalmomi sukan zama ba su fita sarai, kuma babu halin yin raɗa.

Mawaƙin zamani ya bi wata hanya dabam. Daga 1925, lokacin da aka fara ɗaukar faifai da makirufo mai aiki da lantarki, ba a ƙara bukatar mutum ya tura murya nesa ba. Mawaƙa irin su Bing Crosby suka koyi matsawa kusa da na'urar su rera a hankali, kamar mai yi wa mutum ɗaya magana a cikin ɗaki. Numfashi, da karyewar murya, da jinkirta kalma kaɗan, duk suka zama kayan aiki. A wannan makaranta Diana Ross ta tashi. Gaskiya ne cewa a taron da ake ɗauka don talabijin kowa makirufo ake sa masa, har da su Domingo, kuma injiniyan sauti ne ke daidaita ƙarfin kowace murya. Amma na'ura ba ta sauya kamannin murya. Idan siririya ta biyo bayan ƙasaitacciya a cikin waƙa ɗaya, kunne zai gwada su ko ba a ce masa ya gwada ba.

Abin da ya kawo taron

Tushen wannan biki yana birnin Rum. Carreras ya kamu da sankarar jini a 1987, aka yi masa dashen ɓargo a Amurka, ya warke ya koma waƙa a 1988. Ran 7 ga Yuli 1990, ana gobe wasan ƙarshe na gasar ƙwallon ƙafa ta duniya, shi da Domingo da Luciano Pavarotti na Italiya suka haɗu suka yi waƙa a kangon wani tsohon wurin wanka na Rumawa, Zubin Mehta ɗan Indiya yana jagoran makaɗa. Faifan da kamfanin Decca ya fitar daga wannan dare ya zama wanda aka fi saya a duk tarihin kiɗan gargajiyar Turai. Mawaƙan sun karɓi ladansu ne a dunƙule, saboda haka yawancin ribar ta tafi ga kamfanin.

Sauran kamfanoni suka lura. Kamfanin Sony na Japan bai daɗe da sayen sashen faifai na CBS a kan dala biliyan 2 ba, a 1988, kuma yana neman abin da zai mayar da kuɗinsa. Kirsimeti kuwa lokacin ciniki ne a Turai da Amurka, kuma faifan Kirsimeti yana da wata fa'ida da sauran ba su da ita: kowace shekara sai a sake fito da shi kasuwa. In aka haɗa mawaƙan opera biyu da tauraruwar da duk gidan da ke da rediyo ya san sunanta, an haɗa masu saye iri biyu ke nan. Sony ce ta fitar da faifan taron a 1993, da sunan Christmas in Vienna. Babu amfanin a ɓoye cewa lissafin kuɗi ne ya fara tara mutanen nan uku wuri guda.

Daga Detroit

Amma wanda ya zaci Diana Ross ba ta san makaɗan simfoni ba sai a Biyana, ya yi kuskure. An haife ta a 1944, ta yi 'yan matancinta a gidajen gwamnati na Brewster-Douglass, unguwar talakawan baƙaƙen fata a Detroit. Berry Gordy, wanda ya kafa kamfanin Motown a 1959 da bashin dala 800 daga danginsa, shi ya ɗauke ta da ƙawayenta, aka sa musu suna Supremes. Waƙoƙinsu 12 suka hau matsayi na ɗaya a Amurka kafin ta bar su a 1970. Gordy kuwa ya ƙudura tun farko cewa sai kiɗan baƙaƙe ya shiga falon farar fata, don haka yakan ɗauko masu goge daga ƙungiyar simfoni ta Detroit, bisa jagorancin shugaban masu gogenta Gordon Staples, su zo ɗan ƙaramin ɗakin ɗaukar sauti na Motown su ƙara wa waƙoƙin laushi. Ɗaya daga cikin waƙoƙin Supremes da suka kai matsayi na ɗaya a 1965 ma, sunanta I Hear a Symphony. A wannan shekarar ce kuma suka fitar da nasu faifan na Kirsimeti.

Bambancin shi ne, a Detroit masu gogen ne baƙi. Ana shimfiɗa ganga da jita tukuna, sa'an nan a ɗora goge a kai. A Biyana kuwa ita ce ta zo gidansu.

Wanda aka ɗora wa nauyin sasanta ɓangarorin shi ne Lalo Schifrin, ɗan Ajantina, wanda ya yi kiɗan jaz tare da Dizzy Gillespie, ya kuma rubuta kiɗan finafinai masu yawa a Amurka. Shi ne ya tsara haɗakar waƙoƙin da aka rufe taron Rum da su, kuma shi ya tsara na Biyana. Aikin mai tsara kiɗa ba ya fitowa a hoto, amma a kansa kome ya rataya. Mawaƙin zamani ya saba jin bugun ganga a bayansa, yana iya riga bugun ko ya makara kaɗan da gangan, a nan ma daɗin yake. Makaɗan simfoni kuwa takarda suke karantawa, idonsu na kan sandar jagora. In mawaƙiya ta ja wata kalma fiye da yadda aka rubuta, sai jagora ya tsayar da mutum 80 su jira ta, ya kuma sake su tare. Ga kuma batun tsayin murya: inda teno ya fi jin daɗi ba nan ne inda mace mai siririyar murya ta fi jin daɗi ba, sai an ɗaga ko an sauke waƙar a tsakiyarta ta yadda mai sauraro ba zai ji tuntuɓe ba. Mai tsarawa yakan rage masu busa in ita za ta shiga, ya bar goge kaɗai a ƙarƙashinta, ya maido da su in mazan suka karɓa.

Waƙar mai jirgin bayi

Daga cikin waƙoƙin da Diana Ross ta yi ita kaɗai a daren akwai Amazing Grace, wadda ma ba ta Kirsimeti ba ce. Wani Bature ɗan Ingila, John Newton, ya rubuta kalmominta a ƙarshen 1772, aka buga su a 1779. Newton ya san gaɓar Afirka ta Yamma sani na haƙiƙa. Yana saurayi ya zauna a wani tsibiri a bakin tekun Saliyo yana yi wa wani mai fataucin bayi aiki, har shi kansa aka riƙe shi riƙon bawa. Bayan ya kuɓuta a 1748 ya koma cikin sana'ar, ya zama kyaftin ɗin jiragen da ke ɗibar mutane zuwa ƙetaren teku har 1754. Daga baya ya zama limamin coci a garin Olney, kuma sai a 1788 ya fito fili ya rubuta littafi yana la'antar cinikin. Ya rasu a 1807, shekarar da majalisar Ingila ta hana shi.

Sautin da aka san waƙar da shi a yau a Amurka aka haɗa mata shi, a 1835, kuma jikokin bayin nan ne suka riƙe ta a majami'unsu suka mai da ta tasu. Mahalia Jackson ta ɗauke ta a faifai, Aretha Franklin, wadda ita ma a Detroit ta girma, ta sa wa faifanta na 1972 sunan waƙar. Saboda haka da Diana Ross ta zaɓe ta, ta zaɓi filin da ba Domingo ba Carreras ba wanda zai iya binta ciki. Waƙar ba ta bukatar ƙarfi. Tana bukatar a ja kalma, a lanƙwasa ta, a yi shiru inda ya kamata, irin yadda ake yi a cocin baƙaƙen Amurka. Ba ta yi ƙoƙarin kwaikwayon muryar opera ba, kuma wannan shi ne hankalin da ta yi a daren. Inda aka fi jin tazara shi ne wuraren da su ukun suka haɗu a kan waƙa ɗaya, domin a nan ne muryar mazan takan yi mata yawa duk da dabarar mai tsarawa.

Masu tsattsauran ra'ayi game da kiɗan Turai ba su taɓa son irin wannan gauraye ba. Tun 1981, da Domingo ya yi faifai tare da John Denver, ake ce masa yana zubar da girman sana'arsa. Akwai gaskiya a cikin ƙorafinsu, domin ƙungiyar da ta saba da simfonin Bruckner da Brahms ba ta yin wani aikin wahala in an ba ta waƙar ƙararrawar dawaki. Amma ƙorafin yana mantawa da cewa waƙoƙin Kirsimeti ba mallakar gidan opera ba ne tun asali. White Christmas, wadda ita ma aka rera a daren, Irving Berlin ne ya rubuta ta, Bayahude ɗan gudun hijira daga daular Rasha, kuma Bing Crosby ne ya yi mata suna ta makirufo a 1942.

Taron ya karɓu har ya zama na shekara-shekara. Dionne Warwick ta zo a 1993, Charles Aznavour a 1994, Natalie Cole a 1995, Michael Bolton a 1996, Tony Bennett da Vanessa Williams a 2000, duk tare da Domingo. Diana Ross ba ta sake zuwa cikin jerin ba, amma a 1994 ta fitar da nata faifan na Kirsimeti tare da makaɗa masu goge.

Akwai kuma waƙa ɗaya cikin na wannan dare wadda ta Ostiriya ce tsintsa, watau Stille Nacht. Wani matashin fada mai suna Joseph Mohr ya rubuta kalmominta, wani malamin makaranta, Franz Xaver Gruber, ya sa mata sauti. An fara rera ta a jajibirin Kirsimeti na 1818 a ƙauyen Oberndorf kusa da Salzburg, ƙauyen ma'aikatan jiragen ruwa masu dakon gishiri. Su biyun ne suka rera ta, Mohr yana kaɗa jita guda ɗaya. Ambaliyar kogin Salzach ta lalata cocin, aka rushe shi a farkon ƙarni na 20, kuma a 1937 aka buɗe wani ɗan ƙaramin ɗakin ibada a gurbinsa.