Bagudo: Ɗan bindiga na tsallaka iyakar Benin cikin mintuna, takardar bincike na ɗaukar watanni

Daga Tsamiya a ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi zuwa Segbana a Jamhuriyar Benin tafiya ce ta ɗan lokaci a kan babur. Haka ma daga Lolo zuwa yankin Malanville. Mutanen ɓangarorin biyu dangin juna ne, suna cin kasuwa tare suna auratayya, tun kafin yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta raba ƙasar Borgu, ta bar Illo a hannun Ingila, Nikki kuma a hannun Faransa.

Wannan sauƙin shiga da fita shi ne kuma abin da masu ɗauke da makamai ke mora. A watan Afrilun 2025 gwamnatin Benin ta tabbatar da kashe sojojinta 54 a arewacin ƙasar, harin da ƙungiyar JNIM mai alaƙa da Alƙa'ida ta ɗauki alhakinsa. A ɓangaren Najeriya kuwa, Lakurawa sun addabi sassan Kebbi da Sakkwato, har wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda a Janairun 2025.

To idan aka kama mutum a Bagudo, amma shaidu da bayanan layin wayarsa da inda ya sayar da shanun sata duk suna Segbana, yaya za a yi?

Ɗan sandan Najeriya ba shi da hurumin tsallakawa ya ɗauki jawabin shaida. Ko jami'an ƙasashen biyu sun yi musayar bayani ta waya, wannan zai taimaka wa bincike ne kawai, da wuya alƙali ya karɓe shi a matsayin hujja. Hanyar da doka ta sani ita ce neman taimakon shari'a a hukumance.

Dokokin kam akwai su. Ƙasashen ECOWAS sun sa hannu kan yarjejeniyar taimaka wa juna a shari'ar laifuka a Dakar a 1992, sannan ta miƙa masu laifi a Abuja a 1994. Kafin nan ma, a 1984, Najeriya da Benin da Ghana da Togo sun ƙulla tasu ta miƙa waɗanda ake nema. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar da ta tsara yadda Najeriya za ta nema ko ta bayar da irin wannan taimako, kuma ofishin Antoni Janar na Tarayya ne ƙofar shiga da fita.

A nan gizo ke saƙa. Buƙatar da ta taso daga Bagudo sai ta bi ta Birnin Kebbi ta kai Abuja, a fassara ta zuwa Faransanci, ta isa ma'aikatar shari'ar Benin, kana ta hauro arewa zuwa garin da ke maƙwabtaka da inda ta fito. Tsarin shari'ar ma ba ɗaya ba ne: Najeriya ta gaji na Ingila, Benin na Faransa, inda alƙali na musamman ke jagorantar binciken manyan laifuka. Tun 2018 kuma shari'o'in ta'addanci a Benin suna hannun kotun CRIET. Kafin takarda ta gama wannan zagaye, mai yiwuwa shaida ya bi dabbobinsa ya yi nisa. Domin rage irin wannan jinkiri ne aka kafa WACAP a 2013, wato haɗakar masu gabatar da ƙara na Afirka ta Yamma da ke tuntuɓar juna kai tsaye, bisa tallafin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi da laifuka.

Tarihi ya nuna cewa siyasa ta fi takarda tasiri tsakanin ƙasashen biyu. A Agustan 2003 Shugaba Olusegun Obasanjo ya rufe iyaka saboda fashi da satar motoci, sai da ya gana da Mathieu Kerekou a Badagry aka buɗe. Ba da jimawa ba aka cafke Hamani Tidjani, wanda ake zargi da jagorantar ɓarayin, a Mali, aka danƙa shi ga Najeriya. Amma da aka kama Sunday Igboho a Kwatano a Yulin 2021, Benin ba ta miƙa shi ba.

A matakin duniya, an amince da yarjejeniyar Ljubljana da Hague a ranar 26 ga Mayun 2023, don ƙasashe su taimaki juna wajen binciken kisan ƙare dangi, laifukan yaƙi da cin zarafin bil'adama. Sai dai yawancin abin da ke damun talakan Bagudo, satar shanu, garkuwa da mutane da safarar makamai, yarjejeniyoyin yankin ne suka fi dacewa da su. Su ma ɗin an samu giɓi, domin Nijar, wadda iyakarta ke kusa da wannan lungu, ta fice daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso a ranar 29 ga Janairun 2025.