Yadda Ake Gano Inda Baƙin Mai Yake Yoyo a Injin Lori



Ƙasarmu ta daɗe da sanin inji. Tun 1921 aka kafa famfon ban ruwa a nan Hajj Abdalla, kafin ma a gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925. Dā ƙaramin jirgin ƙasa na Jazira shi ke kwasar auduga zuwa gidajen gurza na Marinjan da Hasahisa. Wannan jirgi ya daina aiki, yanzu lori ke ɗaukar kayan. Tun yaƙin da ya ɓarke a 2023 kuwa, baƙin mai da kayan gyara sun yi tsada ƙwarai. Saboda haka ko lorin naka ne, ko na haya ne, ya kamata ka san sha'anin yoyon mai. Buhun audugar da mai ya taɓa darajarsa ta faɗi. Injin da ya shanye mansa a hanya kuma bugawa zai yi, ga kaya a bisa, ga 'yan tsinka suna jiran kuɗinsu.

Abin da ya fi ruɗin mutane shi ne wannan: inda mai yake ɗiga ba nan yake fitowa ba. Mai yana gangarowa ƙasa, iskar fanka kuma tana kora shi baya. Sai ka ga ya taru a gindin inji, alhali daga can sama ya taso. Mutum ya kashe kuɗi a sauke masa giya, a sa sabon sil, kwana biyu mai ya dawo.

To, da farko ka tabbata baƙin mai ne. Da dare ka ajiye mota a wuri mai baje, ka shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashinta. Da safe ka duba, ka taɓa, ka shinshina. Man inji baƙi ne wuluk a motar gas. Man giya ya fi shi kauri, yana da wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Gas tsinkakke ne, warinsa ba ya ɓuya. In daga wajen taya abin ya zubo, ka bar maganar inji tukuna, ka duba birki kafin motar ta motsa.

Sa'an nan wanki. Ƙurar Jazira da gashin auduga sukan haɗu da mai su zama ɓawo, ba abin da ido zai gani ta cikinsa. Ka bari inji ya huce. Ka kankare ɓawon da itace, ka wanke da kananzir ko gas da tsumma, ka rufe dainamo kada jiƙa ta shige shi. Kada a wanke da fetur, kada kuma a yi kusa da tarin auduga ko mai shan taba. In ya bushe, ka barbaɗa toka mai laushi a duk mahaɗar da kake zargi. Toka fara ce, da mai ya tsatso za ta yi baƙin layi.

Yanzu a tare tayoyi da guntun itace, a ta da inji ya yi kamar minti 10. Ka tuɓe rawani, ka naɗe hannun jallabiya, gama fanka da bel suna fizgar tufa. Ka ɗauki tocila ka fara daga sama, ka bi layin mai har wurin da ya fi kowane tsawo da jiƙa. Nan ne bakin yoyon.

A tsofaffin motoci irin Bedford, wadda direbobi ke kira Sifinja, sau da yawa gaskit na murfin saman inji ne ya bushe ya tsage. Wannan gyaran sauƙi ne. Ka duba murfin da ake zuba mai, ka duba filta. In bayan canjin mai ne yoyo ya soma, watakila tsohuwar robar filta ta maƙale aka ɗora sabuwa a kanta, ko kuwa wasar notin zubar da mai ta cinye. Akwai kuma ɗan abin nan mai waya ɗaya da ke kunna jar fitilar mai, shi ma yakan yi yoyo, kuɗinsa kaɗan ne.

Ga wata alama mai amfani. Yoyon da ke zuba ko mota tana kashe, daga kwanon mai na ƙasa yake, ko notinsa, ko kwanon ya bugi tudu a gefen Abu Ishirin ya tsage. Wanda ba ya fitowa sai inji yana aiki, daga inda mai ke bi da ƙarfi yake, wato filta da bututu da sil. In gaban inji duka ya jiƙe kamar an yi feshi, sil na gaba ne, fanka ke watsa shi. In sama a bushe take ƙaf, mai kuwa yana ɗiga ta ƙaramin ramin da ke ƙarƙashin gidan kuloci, to, sai a lokacin za a yi zargin sil na baya. Shi ne mai tsada, don sai an sauke giya. Kada a bar shi ya daɗe, gama mai zai jiƙa kuloci ya riƙa sulɓewa da kaya.

Amma kafin ka yarda a taɓa kowane sil, ka duba bututun da inji ke numfashi ta cikinsa. A ganina wannan shi ne abin da aka fi mantawa a ƙasar auduga. In ƙura da gashin auduga suka toshe shi, iska takan taru a cikin inji ta tura mai ta kowace kafa. In ka ga yoyo wuri uku ko huɗu lokaci guda, da wuya a ce duk gaskit ɗin sun lalace rana ɗaya. Ka cire bututun ka wanke. Ka kuma zaro sandar awon mai ka gani, gama yaron mota mai ƙwazo yakan cika mai ya wuce layin sama, wannan ma yana kawo yoyo. In bututu a buɗe yake, amma da ka buɗe murfin mai hayaƙi yana bugowa fuf-fuf, ringi ne suka cinye, sai makanike.

Wani lokaci mai yana raguwa, kwali kuwa babu ɗigo ko ɗaya. Ka tsaya bayan mota. Shuɗin hayaƙi a salansa yana nuna inji yana ƙone man a ciki. In man ya zama fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shige shi, kada a sake ta da motar.

In an sa sabon gaskit, a ɗaure notoci a hankali, ɗaya nan ɗaya can, kada a matse da ƙarfi har murfi ya lanƙwashe. Bayan tafiyar farko a sake barbaɗa toka a duba. Kai kuma mai hayar lori, kafin a loda audugarka ka leƙa ƙarƙashinta, ka kuma duba bayanta kada a ajiye jarkar mai tare da buhunanka.